Kwanar da Ba a Gaisuwa

Ha Letuka, Thaba-Tseka
Satumba

Zuwa ga mijina, Baban Paballo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a Rustenburg. Yaya ramin haƙar ma'adinan, yaya tarin nan naka? Allah Ya riƙa fito da ku lafiya. Mu nan ƙalau muke. Haƙoran Paballo na gaba sun zube, tana ta yi wa mutane dariyar wawulo. Mahaifinka ma lafiya, tumakinsa sun fara haihuwa.

Na rubuto ne maimakon waya, don sai na hau tudun coci nake samun layi, can kuwa duk gari ke sauraro. Kuma gara ka ji daga bakina kafin ƙanwarka Nthatisi ta sa wa maganar gishiri. Aikin da na nema a asibitin ƙauye na samu. Ni zan riƙa kai jini da kakin masu tari babban asibiti a gwada, in dawo da sakamako. Mu biyu aka ɗauka, ni da Seabata ɗan gidan mai shago, kowa aka ba shi babur.

Baban Paballo, ba irin ɗan babur ɗin yayana da na koya a gidanmu ba ne. Wannan ƙato ne. In na hau, yatsun ƙafata kawai ke taɓa ƙasa, ga akwatin sanyi a baya. Ka ɗan murɗa totur sai ya zabura kamar an tsikare shi. Ranar farko sau nawa na kife a filin makaranta, ban ƙirga ba. Seabata na gefe yana ƙyaƙyata, wai a ɗaura min duwatsu a takalmi ko na kai ƙasa. Shi ma da ya hau, ya ja kan babur baya kamar linzami yana yi masa tsawa ya tsaya, har ya shige shingen malamai. Na rama dariyata da kyau.

Mai koya mana, Ntate Khoarai, magana ɗaya yake nanatawa: doki yana da idonsa, babur da idonka yake gani, inda ka kalla can zai je. Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai jiya. Ka san dutsen da mahaifinka ke zama yana duba tumaki, a kan kwanar nan mai tsakuwa da ke bakin kwazazzabo. Ina gangarowa na hango shi. Na waiwaya, na ɗaga hannun dama in gaishe shi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Sai ji na yi ina ƙasa, babur a kaina, salansa tana cin ƙaurina. Kwalba ɗaya ta fashe, dole aka sake kiran wata tsohuwa daga bayan tsauni a ɗebi jininta. Wannan ya fi ƙunar yi min ciwo.

Kada ka tayar da hankalinka, ƙunar tana bushewa. Gobe zan sake hawa.

Ka gai da mutanen garinmu da ke wurinka.

Taka,
Mapaballo

Ha Letuka
Oktoba

Baban Paballo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan jikinka lafiya. Ka ce tarin ya yi sauƙi, na ji daɗi, amma ka je a duba ka duk da haka. Paballo ta gode da takalmi, har barci take yi da su.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka ce in mayar da babur kafin ka zo Kirsimeti, in ba haka ba in tattara in koma gidan iyayena. Ashe har can Nthatisi ta kai ƙarata. To, abin da ta faɗa gaskiya ne, ba zan musa ba. Tun ranar da na faɗi, in na zo kwanar nan ba na kallon mahaifinka, ba na ɗaga hannu, wucewa nake idona a kan hanya. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne, a wurin nan babur ba ya tsayuwa. Gangara ce, tsakuwa ce, ƙafata ba ta kai ƙasa, hannun da zan ɗaga kuwa shi ke riƙe da birki. Ba ta kuma gaya maka ba cewa in na isa shimfiɗaɗɗen wurin nan na bakin ƙorama, nakan kafe babur, in cire hular kwano, in ɗaura bargona a ƙugu kamar yadda matan aure ke yi a gaban surukai, in hau gangarar da ƙafa ina haki, in durƙusa in gaishe shi. Shi ne ba ya amsawa. Sai ya juya yana kallon tumaki. Ya gaya wa mutane wai gaisuwar da aka ajiye sai an gama wucewa, sauran tuwon jiya ce.

Ranar Lahadi bayan coci aka tara min dangi. Kowa ya tofa nasa. An ce tunda na samu ƙarfe na fi ƙarfin manya. An ce shekara da shekaru mutanen tsaunin nan ke bin kwanar a kan doki, ba wanda ya taɓa wuce dattijo bai cire hula ba. Seabata ma, da ba a gayyace shi ba, ya leƙo ta ƙofa yana cewa shi yana gaisuwa a kan nasa babur lafiya lau, ni ce dai hannuna bai ƙware ba. Na bari suka gama, don uwata ta koya min kunya. Sannan na dubi ƙasa na ce wa mahaifinka: “Ntate, babana, in na gaishe ka a kwanar can, gaisuwa ta biyu gawata ce za ta amsa maka. Ka zaɓi wadda kake so.” Mahaifinka ya ja bargonsa ya fita.

Yanzu kai. Raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye ba. Shekarun nan da kake cikin rami, wa ya yi noman, wa ya yi jinyar mahaifiyarka har ta cika? Ka manta sakamakon gwajinta sai bayan mun binne ta ya iso, don ba mai kawowa? Yanzu ni ke kawowa. Wanda aka ɗebi kakinsa Litinin, kafin mako ya fita ya fara shan magani. Ban raina mahaifinka ba, ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma zan kama ba. Amma babur ba zan mayar ba. In gidanmu ka ce in koma, zan koma, a kansa kuma zan tafi, da Paballo a baya.

Ina kewarka duk da haka, abin haushi.

Matarka,
Mapaballo

Ha Letuka
Nuwamba

Baban Paballo, mijina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarka ba, na san fushi kake. Ka yi fushinka, amma ka riƙa cin abinci. Ruwa ya sauka, masara ta tsiro, Paballo lafiya.

Ka yi wa Seabata addu'a, yana kwance a babban asibiti da karaya a kafaɗa da cinya. Tun bayan taron nan ya mayar da kwanar wurin nuna bajinta. Kullum sai ya ɗaga hannu ya rangaɗa wa mahaifinka gaisuwa da ƙarfi yadda za a ji har shago. Na ce masa ya bari, ya ce min in je in daka dawa. Ntate Khoarai ma ya ja masa kunne, bai ji ba. Ranar Talata an kwana ana ruwa. Ya zo kwanar, ya waiwaya, ya ɗaga hannu, babur ya bi idonsa. Allah Ya sa wata bishiya ta tare shi, da sai dai a kwaso shi a ƙasan kwazazzabo. Ba kowa a wurin sai mahaifinka. Tsoho da ciwon gwiwa, shi ya sauka ya jawo shi, ya ɗora shi a kan dokinsa ya kawo mana asibiti. Na rantse maka ban yi murna ba, yaron ya ba ni haushi amma kuka na yi.

Washegari aikin mutum biyu ya hau kaina. Na fito da akwati cike, hanya duk santsi. Da na doshi kwanar, ta gefen ido na lura dutsen ba kowa. Na ce ko jawo Seabata ne ya kwantar da tsohon nan. Na so in waiwaya in tabbatar, wuyana har ƙaiƙayi yake, amma na kafe idona a kan hanya, na bi birkin baya a hankali har na sauka.

A bakin ƙorama na same shi. Yana zaune a kan wani dutse da ban taɓa ganin kowa a kai ba, daidai inda nake kafe babur, tumakinsa na can sama ba mai kallo. Na tsaya, na cire hula, na ɗaura bargo, na durƙusa. Ya amsa, Baban Paballo. Ya tambayi ƙunar ƙafata, wadda ta warke tun tuni. Na tambaye shi me ya sauko da shi. Ya ɗaure fuska ya ce: “Iska ta yi yawa a can sama.” Dutsen da yake zama tun kafin a haife ka, sai yanzu ya san yana da iska. Na ce gaskiya ne, Ntate. Da zan tafi ya nuna hannuna na dama da sandarsa ya ce in bar shi inda yake sai na tsaya. Tun ranar a nan yake zama.

Saura kai. Ba ka janye maganarka ba, ni ma ban janye tawa ba. Motar Kirsimeti a babban gari take sauke mutane, ka san nisan da ke tsakanin can da gida. Zan zo da hula ta biyu, Ntate Khoarai ya ara min. In ka ga dama ka tako da ƙafa da akwatinka a ka, ba zan hana ka ba. In kuwa ka hau bayana, ka riƙe ni da hannu biyu, kuma in mun zo kwanar kada ka gai da kowa. Mahaifinka yana jiranmu a ƙasa.

Allah Ya kawo min kai lafiya.

Taka har kullum,
Mapaballo