Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Lawali ya shiga jami'a! Uwata, ɗanki ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, an kira sunansa a rediyo, kuma takarda ta iso an ba shi gurbi a Yamai, zai karanci ilimin noma. Kwana tara ke nan ina tare mutane a hanya ina faɗa musu. Matar da ke kawo mana nono ma sau uku na tsayar da ita, har ta ce, "Baba, na ji, nonona zai yi tsami."

To, yanzu sallama. Assalamu alaikum, 'yata ta fari, Rakiya, mai sunan mahaifiyata. Ban taɓa kiran sunanki da bakina ba, sai yau da bik, alƙalamin nan nawa, ya kira mini shi. Ina fata kina cikin rahama. Mu nan ƙauyenmu na yamma da Dogo-Dogo lafiya lau, damina ta yi kyau, innarki tana nan sai ciwon gwiwa.

Kada ki yi mamakin rubutun, nawa ne. Shekara huɗu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan magariba, da furfurata da komai. Mushe, malamin ajin, ya ce zai buga wasiƙar nan a 'yar jaridar 'yan aji. Na ce ya buga, don abin da zan faɗa miki ya kamata kowa ya ji.

Kin tuna ranar da ciwo ya ci ƙarfinki? Mijinki ya riga ki da shekara guda, danginsa na Sassumbrum ba su nemi yaron ba. Kika kama hannun Lawali kika sa cikin nawa, kika ce, "Baba, kada ka bambanta shi da Habu." Na ce miki na ɗauka. Habu ƙanenki yana da shekara bakwai lokacin, Lawali huɗu.

Shekara ɗaya kawai na riƙe amanar.

Shekarar da aka ba ƙasa 'yanci, gab da kaka, dogarin sarki ya zo da wani mushe, malamin boko, daga Dungas, suka ce duk gida mai yara maza zai ba da ɗaya a kai lakwal, makarantar boko. Kin san yadda muka ɗauki lakwal a lokacin. Yaron da ya shiga ya tafi ke nan, ba noma, ba kiwo, salla ma sai Allah. Ni kuwa ina da shanu, Habu ya fara sanin kowace da sunanta. Na ɗaga shi na saka cikin rumbu, da yake hatsi ya yi ƙasa akwai wuri, na mayar da murfi. Na ce wa dogari ya bi shanu daji. Na riƙo hannun ɗanki na fita da shi ƙofar mai gari.

Ba a tambayar takardar haihuwa, wa yake da ita? Yaro zai ɗora hannun dama ta bisa kansa ya taɓa kunnen hagu. In ya taɓa ya isa, in bai taɓa ba a mayar da shi gida, a nemi wani a gidan. Lawali ya ɗora hannunsa. Saura kamar faɗin yatsu biyu. Ina tsaye bayansa. Na yi kamar ina gyara masa riga, na sa babban yatsana na tura gwiwar hannunsa, na ɗan karkata masa kai. Yatsansa ya taɓa kunne. Dogari ya gani, ya kau da ido. Mushe ya rubuta suna.

Ba don na ga ƙwaƙwalwarsa ba, Uwata. Na ga dai ba shi da uwar da za ta yi kuka a ƙofar mai gari.

Ya tafi Dungas da 'yar tabarma da ƙwarya, aka sauke shi gidan mutanen da ban sani ba. Shi ne ƙarami a ajinsu. Da ya zo hutun farko ƙafafunsa duk faso, wuyansa kamar kara. Innarki ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba sai "ga tuwo."

Amma bari in ba ki labarin mutumin da ya zama, don ke ba ki gani ba. Dogo ne, ya ɗauko goshinki. Ba shi da yawan magana, sai kallo. Tun yana kolej a Magarya, in ya zo hutu ba ka samunsa a dandali, sai gindin tsofaffin mata da kayensa, wato littafin rubutu, yana tambayarsu sunayen irin gero na da, wane ne mai saurin nuna, wane ne tsuntsu ba ya so. Yana da haƙurin da ban gani ga kowa ba. Zai tsuguna gaban shuka ɗaya har inuwa ta juya. Abin da ya gani sau ɗaya kuwa ba ya mantawa. Sai dai har yau bai iya ɗaurin dami ba, duk wanda ya ɗaura sai ya kwance a hanya, kuma in ya kafe kan magana gara ka ja jaki daga bakin rijiya.

Da ya ci sartifika, ya wuce kolej, ya wuce lise, babbar sakandare, a Damagaram, sai mutane suka fara cewa, "Malam Isufu mai hangen nesa, shi ya kai jikansa da hannunsa lokacin da muke ɓoye namu." Ni kuma in shafa gemu in ce, "Ikon Allah ne." Shekara da shekaru ina cin wannan yabo kamar tuwon gidan biki.

Sai fari ya zo. Shanun da na ɓoye Habu dominsu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, muka tsira da karsana guda. Habu ya shiga zuwa cin rani Kano yana sayar da ruwa. Geronmu kuwa ya yi kai, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido. Lawali ya zaga gonar yana duba 'yan zangarniyar da suka samu suka nuna, ya tsince su ya zuba iri cikin gwangwani. Tun daga nan kowace damina yana shuka su bayan gida, yana ɗaura jan zare ga waɗanda suka riga saura fitar da kai. Burinsa ke nan, gero mai nuna kafin ruwa ya gudu. Ya ce in ya gama ba zai zauna biro, wato ofis, a Yamai ba, nan ƙasar Magarya zai dawo.

Don wasiƙunsa na shiga aji, na gaji da kai su a karanta mini. Ta farko da na haɗa baƙaƙenta ni kaɗai, kin san abin da ke ciki? "Tsoho, ban manta yatsanka a gwiwar hannuna ba. Da ba ka tura ba, da ban zo nan ba." Na ninke ta na sa cikin hula. Shekara biyu tana ƙona mini kai.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da hantsi, na same shi cikin geron nasa na bayan gida. Na ce ya ajiye zaren. Na faɗa masa duka, rumbun, da shanun, da maganarki da na karya. Ya bari na gama. Sai ya ce, "Tsoho, ai ni Inna ta aika na miƙa wa kawu Habu fura cikin rumbu da safen nan."

Ashe ya sani, Uwata. Shekara goma sha shida ya sani, yana gaishe ni, yana kawo mini goro. Sai ya kama ni yana dariya, wai dama kishi ne ya sa na kore shi don kada ya ƙwace mini tsohuwar matata. Ya ce ya yi fushi yana ƙarami, ya yafe tun yana kolej, kuma abin da ya rubuta a wasiƙa gaskiya ne. Sannan ya daina dariya ya ce, "Amma kawu fa? Ka taɓa tambayarsa?"

Ban taɓa ba. Ni a zatona Habu na yi wa gata.

Na je na sami Habu yana sa wa fartanya ƙota. Uba ya tsuguna gaban ɗansa ba ƙaramin abu ba ne, amma na tsuguna. Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, tashi, Allah ya riga ya rubuta." Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba. Ranar Litinin ina aji, sai ga shi ya shigo ya zauna can ƙarshen tabarma, ya ce wa mushe a ba shi allo. Har yanzu bai dube ni a ajin ba. Amma jiya da allinsa ya ƙare, nawa ya miƙo hannu ya ɗauka.

Saura ke. Kin ce kada in bambanta su, na bambanta, kuma na cuci kowanne ta hanyarsa. Alherin da ya fito ciki na Allah ne da na yaron, ba nawa ba. Ki yafe mini, Uwata. Na san ba za ki amsa ba sai mun haɗu, kuma ba da nisa ba ne.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da mijinki a Aljanna. Allah ya tsare Lawali a Yamai, ya cika masa burinsa. Allah ya buɗe wa Habu karatu, ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Amin.

Mahaifinki mai neman gafara,
Isufu.

Ku kuma masu karanta wannan, na Dogo-Dogo da Waca da duk inda takarda ta kai, Lawali zai hau mota ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Laraba bayan la'asar za mu yanke geron jan zare, ya nuna sarai alhali na gonakinku bai gama ido ba. Duk wanda ya taɓa ce mini mai hangen nesa ya zo ya karɓi maganarsa, in ba shi zangarniya ɗaya ya kai gida ya yi iri. Rumbun ma yana nan, ban rushe shi ba. Ku zo ku gani!