Sunan da Bature Ya Sa wa Abdulwahabu

Daga Abdulwahabu, kwalejin malamai, Katsina, zuwa ga yayata Zulaihatu a Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, Yaya, zama ya ƙi ni a nan. Kowane ɗalibi da sunan da anka liƙa mai da Turanci. Mu sababbi juniya, manyanmu siniya. Firifet shi ka tsawata muna, ko da ka girme shi. Wanda ya iya lissafi, Baturen da ka koya muna shi ce da shi kilaba, wato mai kai. Ni ma ya kira ni hakan sau guda, kafin a gane ina sulalewa cikin gari wurin wani malami ina karatun fiƙihu. Yanzu sunana yana ƙarƙashin furobeshan: ana dubana, in na ƙara a kore ni. Wallahi korar nika so. Ki lallashi Baba shi kira ni gida. Wassalam.

Daga Zulaihatu zuwa ga ƙanena.

Aminci ya tabbata gare ka. Na karanta ma Baba takardarka. Ya yi dariyar firifet har da tari, amma da na kai ga furobeshan sai ya bar dariya. Ya ce a tuna maka: ranar da malamai sunka ɓoye ɗiyansu don kada a kai su makarantar Bature, shi ya miƙa ka da hannunsa. Tun sannan rabin ɗalibansa sunka bar zaure. In anka koro ka, don mi sunka tafi ke nan? Ya ce ka zauna.

Wanga kuma nawa ne, ya hana ni faɗi. Idonsa ya tafi tun bayan Sallah. Ni ka karanta mai littafi ta bayan labule, shi kuma yana fassara ma waɗanda sunka rage. Kada ka yi gaggawa, na dai kasa ɓoye maka. Allah shi tsare.

Yaya,

Sallama. Na roƙi izini, Bature ya ce sai bayan jarrabawa, wanda ya tafi kuma za a rubuta shi ranawe, gujajje. Shi rubuta. Na bi ayarin masu jakkai, mun kwana Gusau. Kada ki gaya ma Baba. Faɗan da zai yi, gara in ji shi da kunnena, ina zaune gabansa.

Ƙanenki.