Kaset ɗin Kirsimeti da Auren Darlene

Baltimore, 14 ga Agusta, 1974

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Gloria da yara, Allah ya ƙara muku haƙurin zaman Jamus. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zuwa coci. Ƙaguwar bana ta yi ƙiba, kafin ƙarfe biyu teburina na kasuwa fayau.

Na san labarin murabus ɗin shugaban ƙasa ya iso muku, amma abin da ya haifar a gidanmu ba ya cikin jarida: Darlene ta Yaya Clifford za ta yi aure! Ka tuna Kirsimetin bara da muka kunna rikoda a teburin abinci don mu aiko maka da gaisuwa? Ranar ce saurayinta Russell, mai tuƙa motar jarida, ya soki shugaban ƙasa, ya ce mai ɓoye ɓarawo shi ma ɓarawo ne. Yaya ya doki tebur ya ce ɗan nema ba zai sami 'yarsa ba sai ranar da gwanin nasa, shugaban, ya ajiye mulki da kansa, in kuwa ranar ta zo, shi zai dafa ƙaguwar biki. Wata takwas yarinyar nan tana rama, ta ce ba ta shiga coci ɗaurin aure sai a hannun ubanta.

To, ran Alhamis muna gaban talabijin gwanin ya ce ya sauka. Darlene ta dubi ubanta, sai ya ce shi fa bai tuna ya faɗi haka ba. Washegari ya ce wasa yake yi. Mama ta ce masa ashe ba hoton mutumin kaɗai ya rataya a shago ba, har halin ya kwaso.

Ni kuwa shekara ashirin ina kasuwa, na san mai tayin ƙarya tun daga nesa. Na ce masa kaset na wurinka, in yana musu a aiko mu saurara gaban fasto, tunda ko kotun ƙoli kaset ta nema a hannun shugaban. Ya goge tabarau, ya tambaye ni ko har da abin da ya faɗa kan girkin matar fasto yana ciki. Na ce tsaf! Ran Lahadi da kansa ya kira Russell ya ba shi hannu, Darlene ta rungume ubanta, sai ga gogan da hawaye. An sa rana 21 ga Satumba, har ya ari tukunyata. Magana dai zarar bunu ce.

Ga roƙona. Ban manta ba ka rubuto mini tun Maris cewa yara sun naɗi waƙoƙi a kan kaset ɗin, ko tarin Yaya bai rage ba. In ya tambaye ka, ce masa yana nan a ajiye. Tawa rufa-rufar ta sati biyar ce kacal. Ana fitowa daga coci ranar biki zan yi murabus, in faɗa masa gaskiya.

Ka gaishe mini da Gloria, da Marvin da Yvonne masu goge shaida, sun ci tukuici. Mama da amarya na gaishe ku.

Yayarka,
Loretta