Dutsen Wankin Dada

Zuwa ga mahaifiyata, Dada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ladabi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na yi wani aiki saboda ke, gara ki ji shi daga bakina.

An zo za a zuba wa rafinmu na Fadaman Mada siminti, a mai da shi lambatu. Aka ce duk duwatsun wankin da ke bakinsa farfasa su za a yi.

Kin fi kowa sanin darajar duwatsun nan. Kowane gida da nasa, uwa ta mutu ta bar wa 'yarta ko surukarta. Mu da kakanninmu suka sauka nan da shanu tun wurin yana ciyawa, namu na sama, inda ruwa ya fi tsabta. Mutanen Ƙofar Dumi da suka biyo baya suna ƙasa. Ina tuna ki kina buga zane kina ɗaga murya don maƙwabciyarki Goggo Hansatu ta ji: "Wasu dai ba sa sayen sabulu, kumfarmu ta ishe su." Ita kuma ta ce kumfar taki ƙarnin man shanu take yi. A haka kuka tsufa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, Dada. Kayan ɗakinki yayyena mata sun raba, ni ban samu ko faifai ba. Na rantse ba za a fasa dutsenki ina raye ba.

Na samo majiya ƙarfi da amalanke muka gangara. Sai dai kin san ni, wanka ke kai ni rafi, ba wanki ba. Na duba na zaɓi wanda ya fi girma da santsi, don ban ga yadda za a yi wata ta fi ki dutse ba. Amalanke ta karye a hanya, ƙyauren gida ya ɓalle, matata ta wuni tana hararata. Muka girke shi a gindin mangwaro, na tara yara na ba su tarihi, har da hawayena.

Washegari sai ga Goggo Hansatu da sandarta. Ido ya tafi, amma bakin yana nan. Ta shafa dutsen, ta laluba wata tsaga a gefe, ta ce: "Ɗan nan, uwarka har a kabari ba ta daina ƙyashin dutsena ba?"

Na ruga rafi. Katafila ta riga ni, naki ya zama tsakuwa.

Na ce zan kai mata abinta, ta ce ɗakin da take ciki ko turmi ba zai ɗauka ba. Yanzu kullum da hantsi sai ta zo ta zauna a kansa, ta cinye mana masa, ta shiga lissafa laifuffukanki tun daga rowar gishiri. Jiya tana cikin yi sai ta dakata, ta karkata kunne tana jiran ki rama. Ba wanda ya rama. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhunmu ya yi yawa, alhali ko wuta ba a hura ba.

Ki yafe mini, Dada, dutsenki ya kuɓuce mini. Ina kewarki fiye da yadda nake nunawa. Amma duk safiya ana kiran sunanki a gidana, da ƙarfi kuwa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna makomarki. Goggo kuma ya ƙara mata kwana, don ban shirya jin gidan ya sake yin shiru ba.

Ɗanki mai kewarki,
Buba