Abin da Hajja Falmata Ta Gani

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya mutanen Gusau? Ya ƙarin haƙurinmu?

Hajja Falmata, uwar saurayin 'yata Zainab, ita ta wanke gawar ƙanwarmu Hauwa, ta ga tabon nonon da aka cire. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, amma kafin sadakar uku duk unguwarmu ta Abbaganaram an ji.

Sai ga ta a gidana: "Malam, me ya kashe mahaifiyarku?" Na ce sankarar nono ce, irin ta Hauwa. Na ƙara da cewa likita ya ce tana iya bi ta jinin uba ta kama 'ya, ko da yake ba dole ba ne.

Ta ce, "Ɗana ya tsallake bam a kasuwa, ba zan aura masa gawa ba." Zainab tana tsaye. Jiya suka kwashe lefensu.

Ban ga laifin tsoronta ba, bakinta ne ban yafe ba.

Ki gaida Kawu. Ki sa Zainab a addu'a, ta daina cin abinci. Don Allah ki je asibiti a duba ki, ke da 'yan matanki. Kada kowa ya ji.

Ƙaninki,
Sani