Wandon Dogo da Almakashina

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa shafa maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a taga kina kallo ba. Mu ma lafiya lau, in dai ana kiran irin wannan zaman lafiya.

Yaya, mijin nan nawa Dogo ya ishe ni. Kin san shekara tara yana tuƙa tankar ruwa, ya fita da safe ya dawo da yamma, ba wanda ya taɓa jin kanmu. To ya ajiye makullin, wai aikin kwana-kwana zai shiga. Na ce masa mutane gudun wuta suke, shi kuma zai bi ta da gudu. Ya ce tun yana ƙarami abin ke ransa, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi ya wuce shekarun da ake ɗauka. Na yi magana har bakina ya gaji. An ɗauke shi horon wata uku, in ya ci jarrabawa ya zauna, in ya faɗi shi ke nan.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan kayan. Sun ba shi aronsu yana zuwa da su gida don ya saba: hular kwano, riga mai nauyin tsiya, manyan takalma masu dogon wuya, da wani wando da ni da ke za mu shiga har mu bar wa baƙo wuri. Ba ya rataye shi kamar mutanen kirki. Takalman yake zurawa cikin ƙafafun wandon, ya tattare shi ƙasa, ya bar su tsaye a bakin ƙofa kamar mai su ya narke. Wai haka ake yi, ka faɗa ciki ka ja sama, kuma dole ya iya shiryawa tsaf cikin minti ɗaya, yana cikin jarrabawar. Sau biyu ina tuntuɓe da su da tire a hannu. In na ɗauke na linke, ya dawo ya mayar. Ina kan keke ina ɗinkin mutane zai miƙo mini agogo, wai in riƙe masa lokaci. Na ce ni tela ce, ba alƙalin wasa ba.

Ki ga yadda wandon ke masa kuma. Mijin tela guda yana yawo cikin buhu, masu kawo ɗinki suna gani, ni aka bari da jin kunya.

Ki gaida mini kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na samu takardarki, na ga kin ce in yi haƙuri in taimaka masa. To na taimaka, ki ji abin da taimakon ya jawo.

Ana gobe jarrabawar sa kaya na lura ya rame, abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Tausayinsa ya kama ni. Na ce tunda ya nace, bari dai ya shiga cikin 'yan uwansa da kyan gani. Yana fita da safe na shimfiɗa wandon, na ɗora wani tsohon wandonsa a kai, na ja alli. Allura uku na karya, don yadin hawa uku ne. Na rage faɗin ƙafafun, na datse rarar, na linke na sa a jaka. Da ya dawo na ce na kintsa masa kayansa. Ya yi ta murna, wai yau ne karon farko da na taɓa su ba tare da mita ba, ko buɗe jakar bai yi ba.

Yaya, wuyan takalmin ƙin shiga ƙafar wandon ya yi. Mutum ashirin sun jera kayansu, shi yana durƙushe yana kokawa. Aka busa usur, kowa ya shirya, shi yana nan da takalmi ɗaya a hannu.

Ya dawo ya ajiye jakar, ya zauna. Sai da na matsa na ji labarin. Da faɗa ya yi da na samu abin ramawa, amma mutumin nan sai cewa ya yi ɗinkin ya yi kyau. Kin ji irin abin da ke ƙona mini rai. Kuma da mai horar da su ya tambayi wanda ya taɓa kayan, bai ambace ni ba. Yanzu an ce ɓata kayan aiki laifin kora ne, ranar Litinin za a yanke ko za a bar shi ya sake gwaji.

Ni ina na sani? A ina aka taɓa yi wa wando awo da takalmi? Duk da haka raina ba daɗi. Garin neman gira na taɓa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa.

Ban jira Litinin ba. Na kwashi ƙyallayen da na datse na tafi ofishinsu ba da sanin Dogo ba. Wuri ne fes, motoci a jere, kuma gefen kowace mota ga takalma tsaye cikin wanduna, irin dai abin da nake ta faɗa a kai a gidana. Na nemi mai horarwar, wani dattijo da suke kira Mai Usur. Na zube ƙyallayen a teburinsa na ce ga mai laifi, a bar bawan Allah. Na ƙara da cewa ai su ma da nasu, wa yake ba mutum wando ba a gwada shi ba.

Bai yi fushi ba. Ya sa aka kawo wani wandon, ya ce in zura hannuna ciki in gaya masa abin da na ji. Na ce ba komai, sai fili. Sai ya ce, “Filin nan shi ne tsakanin fatar mijinki da wuta. In yadi ya manne da jiki, zafi wucewa yake kai tsaye.” Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa.

Yaya, a nan na gane. Wata biyu ina masifar tuntuɓe da kwalliya, ashe tsoro ne nake ji ban sani ba, kuma da hannuna na so in yanke abin da zai dawo mini da shi gida.

Dattijon ya ce ba zai kore shi ba, zai ba shi wani wandon ya sake gwaji, amma hukuncina shi ne in riƙe masa agogo a gida. Kwana shida na rufe keke. Na zama muguwar malama, har Dogo yana cewa gara Mai Usur. In ya yi minti ɗaya cif in ce sake. In maɓalli ɗaya ya kuɓuce in ce sake. Ranar gwaji ya shirya cikin sakan hamsin da biyu, ya ci sauran ma. Yanzu mijina ɗan kwana-kwana ne, kuma har gobe ban ce abin ya yi mini daɗi ba.

Masu kawo ɗinki sun fara ƙorafi, wai wandunana sun cika faɗi. Kayan kuma sun koma ofis, bakin ƙofa ya zama wayam yadda na daɗe ina so. Amma jiya ina shara na ga na kewaye wurin da tsintsiya, babu komai a ciki. In kuma na ji jiniya daga nesa, ƙafata ɗagawa take daga kan keke, in shiga ƙirge. Sai na kai hamsin da biyu, na tabbata ya gama sawa, sannan in ci gaba da ɗinki.

Ki gaida maigidan da yara, ki kuma shafa maganin nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta