Turaren Bayan Lakwal da na Geceme

Asabar, 12 ga Maris 2022

Baba zai dasa bishiyoyin turare a gefen garka don itacen rufin ɗaki. Ya ce ni da Hasiya kowa ta kawo irinta a gwada. Baɗi layi guda zai bari, turare akwai shan ruwa, rijiyar ba ta iya ɗaukar biyu.

Hasiya ɗiyar Gwaggo ce, daga Geceme aka kawo ta karatu. Ta cinye rabin katifata, ta cinye bakin Inna, yanzu kuma Baba take so. Ba ta samu.

Ni na tsinko iri a bishiyar bayan lakwal, makarantarmu, wadda ta sunkuyo kamar tana sauraren sirri. Nan nake ɓuya in karanta littattafaina na soyayya. Ita kuwa nata a ƙulle bakin zane, kamar tabar tsohuwa.

Juma'a, 20 ga Mayu

Nawa sun riga nata tsirowa, sun kuma fi tsawo cikin leda. Kallonta kawai na yi.

Ta ce, “Madam Soyayya, kin duba uwar kafin ki ɗauko ɗiyan?”

Inna ta yi dariya, wai taubashiyata ce, dole in haƙura da wasa. Wasan da ni kaɗai ake yi wa. Amsar da ta dace sai da muka iso gida ta zo mini.

Laraba, 3 ga Agusta

Ranar dashe. Baba ya auna da hannu, nawa sun wuce kamu, nata ba su kai ba. Ya ce, “Zuwaira, kin yi.” Na maimaita a raina har gida.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Wasu cikin nawa sun fara karkata. Iska ce.

Juma'a, 24 ga Fabrairu 2023

Ba iska ba ce, don nata ma iskar na bugu. Nawa sun yi rassa tun daga ƙasa, kowane da inda ya nufa. Nata ƙanana, a miƙe kamar an ja zare. Na ɗaure uku da sanda da tsumman tsohon hijabina. Hasiya ta iske ni.

“A ɗaura masu aure ma, ba su miƙewa.”

Na tsane ta. Na tsani haƙorin nan nata mai wushirya. A littafi irinta ce ke kunyata a babi na ƙarshe.

Asabar, 17 ga Yuni

Baba ya zagaya layukan biyu. Ya riƙe mafi tsawo cikin nawa, ya kai ido sama ya sauko. Ya ce, “Wannan ko akurkin kaji bai rufewa. Wace bishiya kika tsinko?”

Na faɗa. Ya ce me ya sa ita. Ta yaya zan ce don kyanta? Na yi ta kallon yatsun ƙafata.

Da gatari aka bi layina. Ƙamshin ganyen ya cika garka, har yanzu yana hannuna. Hasiya ba ta yi dariya ba, wannan ya fi ƙona mini rai.

Litinin, 19 ga Yuni

Ban yi mata magana ba. Baba ma kaɗan na yi masa.

Lahadi, 9 ga Yuli, Geceme

Inna ce ta tilasta mini rako Hasiya gaida Gwaggo. Hasiya ta ja ni bakin fadama ta nuna mini tata bishiyar. Ba ta da kyau ko kaɗan, tsaye ƙiƙam kamar falwayar lantarki, ko inuwar kirki babu.

Ta ce Baba zai sa wani layi nesa da rijiya, can wajen arewa. Ta kakkaɓo ƴaƴan da gora, ta ce, “Tara mayafinki, Madam.”

Na tara. Don kar su zube a laka ne kawai.